Raɗa wa Hanya Suna: Kwaltar Paraku da Jugu da Sawun Fataken Goro



Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Paraku ya nufi Jugu ya san yadda tafiyar take. Tazarar ta haura kilomita 130, amma in mota na da lafiya, wanda ya karya kumallo a Paraku zai yi azahar a Jugu hankali kwance. A hanya zai ga manyan motoci ɗauke da auduga, ya ga tulin doya da buhunan gawayi a bakin titi, ya ga 'yan kabu-kabu suna ta shawagi a mashigar kowane gari. Kaɗan ne daga cikin fasinjoji suke tuna cewa kafin a shimfiɗa kwalta, kafin ma a san mota a wannan ƙasa, mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa wannan yanki a ƙafa, suna kora jakuna, suna kwashe kwanaki kafin su ci tazarar da muke ci tsakanin hantsi da azahar. Waɗannan mutane su ne fataken goro, kuma da yawa daga cikinmu jikokinsu ne.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wata al'ada ta majalisun dokoki da ake yi a wasu ƙasashe, wadda na ga ta dace mu yi tunani a kanta. Majalisa takan zauna ta zartar da doka ko ƙuduri, ta ware wani yanki na babbar hanya ta raɗa masa suna don tunawa da wata hanyar ƙafa. Irin wannan doka ba ta cike rami, ba ta ƙara wa titi faɗi, ba ta kuma hukunta kowa. Iyakacin aikinta a kafa allo a bakin hanya, a rubuta sunan a takardun hukuma. Saboda haka wasu suke kiranta dokar shagali. Ni kuwa na fi son in kira ta dokar raɗin suna, domin Bahaushe ya san ranar suna ba ta ƙara wa jariri ƙiba, amma daga ranar ne ake sanin ɗan wane ne.

YADDA WASU SUKA YI

A Amurka, a ranar 2 ga Oktoba 1968 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar da ta kafa tsarin hanyoyin ƙafa na ƙasa. Ɗaya daga cikin hanyoyi biyu na farko da dokar ta ɗauka ita ce ta tsaunukan Apalashiya, mai tsawon kimanin kilomita 3,500, wadda ta ratsa jihohi 14. Daga baya aka ƙara wani rukuni na hanyoyin tarihi, wato hanyoyin da mutanen da suka bi a ƙafa ko a kan dabbobi. Da yake kwalta ta riga ta hau kan da yawa daga cikinsu, sai aka riƙa kafa alluna a kan manyan titunan da suka bi sawunsu, don mai mota ya san abin da yake takawa.

Misalin da ya fi kama hankalina shi ne na jihar Alabama. A watan Maris 1965 baƙaƙen fatar Amurka, ƙarƙashin jagorancin Martin Luther King, suka yi tattaki daga garin Selma zuwa Montgomery, tafiyar kimanin kilomita 87, suna neman 'yancin jefa ƙuri'a. Yunƙurinsu na farko, ranar 7 ga watan, ya ƙare da duka da hayaƙi mai sa hawaye a kan gadar Edmund Pettus. A watan Agusta na wannan shekara aka sa hannu a kan dokar da ta tabbatar musu da 'yancin. Bayan shekara 31, a 1996, majalisar ƙasar ta ayyana wannan yanki na babbar hanya mai lamba 80 a matsayin hanyar tarihi ta ƙasa. Motoci suna bin ta yau kamar kullum, amma yaron makarantar da aka kai wurin zai karanta a jikin allo cewa kakanninsa sun taka nan da ƙafarsu.

A Turai ma, a 1987 Majalisar Turai ta ayyana hanyar masu ziyara zuwa Santiyago ta ƙasar Sifen a matsayin hanyar al'adu ta farko a nahiyar. Alhazanmu kuwa wasu sun ji labarin Darbu Zubaida, tsohuwar hanyar mahajjata daga Kufa zuwa Makka, wadda har yau take ɗauke da sunan Zubaida matar Halifa Haruna Rashid, saboda rijiyoyi da tafkunan da ta sa aka gina wa matafiya.

Ba sai mun je nesa ba ma. A nan ƙasarmu, a zamanin Shugaba Nicéphore Soglo, garin Wida ya ga irin wannan raɗin suna. A watan Satumba 1994 hukumar UNESCO ta ƙaddamar da shirinta na Hanyar Bayi a Wida, a 1995 kuma aka buɗe Ƙofar Tafiya Ba Dawowa a bakin teku. Hanyar ba ta wuce kimanin kilomita 4 ba, daga dandalin Shasha da ke cikin gari zuwa gaɓar ruwa. Kafin wannan lokaci turba ce mai yashi kamar kowace turba. Yau baƙi daga Barazil da Haiti da Amurka suna zuwa su taka ta, wasu suna hawaye. Suna ne ya mayar da ita haka.

HANYAR DA MUKE ZAUNE A KANTA

To, mu dawo arewa. Littafin Tarihin Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Gwanja ƙasa ce a arewacin Gana ta yau, kuma a can ake haɗuwa da goron da ake tsinkowa daga dazuzzukan Asante. Goro ba ya yi a ƙasar Hausa, amma babu aure, babu suna, babu naɗin sarauta da za a yi ba tare da shi ba. Wannan buƙata ce ta haifi hanyar. A ƙarni na 19, bayan kafuwar Daular Sakkwato, cinikin ya bunƙasa ƙwarai, kasuwar Salaga ta zama matattarar fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno.

Ayari yakan tashi bayan ɗauke ruwan sama. Wasu su bi ta Zariya, wasu ta Sakkwato da Jega, su ƙetare kogin Kwara ta wajen Yawuri ko Busa ko Ilo, su shiga ƙasar Bargu. Daga nan sai Nikki, wasu su ratsa ta Paraku, sannan a haɗu a Jugu kafin a nufi yamma zuwa Yandi da Salaga. Kayan da suke kaiwa su ne kanwa, da rinannun tufafin Kano, da jemammun fatu, da takalma, da busasshiyar albasa, da dabbobi. Su komo da goro a cikin huhu, an lulluɓe shi da ganye, ana yayyafa masa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe a kan hanya, domin goro kaya ne mai rai, in aka yi sakaci da shi kwana kaɗan uwar kuɗi ta tafi. Zuwa da dawowa yakan cinye watanni da yawa, wani lokaci har shekara.

Ayari gari ne mai tafiya, da shugabanninsa. Madugu ne uban tafiya, shi ke magana da sarakuna, shi ke sasanta kuɗin fito da gaisuwa a kowace ƙasa. Jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. Uban dawaki yana kula da tara kuɗin da za a biya. Akwai malamin ayari mai riƙe da lissafi da addu'a. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya wallafa littafi a kan wannan ciniki a 1980 bayan ya yi hira da tsofaffin fatake a Kano, ya nuna cewa zuriyoyi uku ne suka fi riƙe shi: Agalawa, da Tokarawa, da Kambarin Barebari. Girman ayarin kuwa, Baturen Ingila Hugh Clapperton ya gamu da wani a Kayama ta ƙasar Bargu a 1826, yana komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun haura 1,000, dabbobin dako ma kamar haka.

Jugu ta samu matsayinta ne daga wannan zirga-zirga. Garin ya tashi da fuska biyu: Kilir, inda fadar sarki take, da Wangara, unguwar 'yan kasuwa Musulmi. Sunan Wangara kansa yana tuna mana da Wangarawa, 'yan kasuwa da malaman da suka fito daga yamma, waɗanda Tarihin Kano ya ce sun iso Kano a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. A Jugu da Paraku harshen Dendi ne ya zama harshen kasuwa, Hausa kuma harshen ayari. Falke yakan sauka a gidan fatoma, a ajiye masa kaya, a nemo masa dillali, a sayar masa da hatsi da ciyawar jakuna. Manoman ƙauyukan da ke kewaye, Yom da Lokpa da Bariba, su ne suke ciyar da wannan taro. Bariyenu tana gabas da Jugu, wato ta ɓangaren da ayarin ƙasar Hausa yake fitowa. Kalmar zango da muke kiran unguwanninmu da ita a Jugu da Paraku da Kwatano asalinta masaukin ayari ne. Wanda ya ce shi ɗan Zango ne ya riga ya faɗi tarihin hanyar, ko ya sani ko bai sani ba.

ƊAN JUGU DA YA TAKA HANYOYIN BIYU

Akwai mutum guda da rayuwarsa ta ɗaure hanyar goro da Hanyar Bayi ta Wida. Sunansa Muhammadu Gardo Baƙuwaƙuwa, wanda Turawa suke rubutawa Mahommah Gardo Baquaqua. An haife shi a Jugu a shekarun 1820. Mahaifiyarsa 'yar asalin Katsina ce, mahaifinsa kuma daga Nikki, danginsa suna da alaƙar ciniki da Salaga. Wato shi ɗan wannan hanya ne ta uwa da uba. Aka yaudare shi aka kama shi, aka riƙa sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku ta wajen Wida, a 1845 aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Barazil. A 1847 jirgin ubangidansa ya kai kaya birnin New York, a can ya tsere. Ya zauna a Haiti, ya komo Amurka ya yi karatu, a 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a birnin Detroit. A ciki ya bayyana garinsu da ganuwarsa da kasuwarsa da al'adunsa, kuma babban burinsa shi ne ya komo gida. Robin Law da Paul Lovejoy sun sake buga littafin da sharhi a 2001.

Labarinsa yana koya mana abu biyu. Na farko, kilomita 4 ɗin da aka karrama a Wida ƙarshen tafiya ce kawai. Mafarinta yana nan arewa, a garuruwa irin namu. Na biyu, hanyar goro ba goro kaɗai ta ɗauka ba. Salaga babbar kasuwar bayi ce, kuma cikin masu dakon kayan ayari akwai bayi da yawa, maza da mata. Duk wanda zai yi alfahari da madugai dole ya tuna da waɗanda suka ɗauki huhun goro a ka ba da son ransu ba.

YADDA HANYAR TA MUTU

Ba rana ɗaya ta mutu ba. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi, ikon Asante a kan arewa ya yi rauni, kasuwar goro ta fara kaucewa daga Salaga zuwa garuruwa irin su Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga kanta, mazauna zangonta suka watsu. Cikinsu har da Imam Umaru, malamin nan haifaffen Kano, wanda ya koma Kete Karachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. A 1894 Lugard na Ingila da Decoeur na Faransa suka yi tseren isa Nikki don neman sa hannun sarki, a ranar 14 ga Yuni 1898 kuma ƙasashen biyu suka raba Bargu a kan takarda: Busa ta faɗa hannun Ingila, Nikki da Paraku hannun Faransa. Hanyar da ta kasance ɗaya ta koma tana ratsa ƙasashen Turawa uku, Ingilishi da Faransawa da Jamusawan Togo, kowa da kwastansa.

Sai kuma jirgi. Alhasan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji, ɗan gidan fatake, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. A 1911 layin dogo ya isa Kano, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Daga baya manoman ƙasar Yarbawa suka shiga shuka irin wannan goro, wanda har yau suke kiransa da sunan Gwanja. A ɓangarenmu, layin dogo daga Kwatano ya iso Paraku a 1936. Tun daga nan fuskar ciniki ta juya: maimakon gabas da yamma, sai ta koma arewa da kudu, daga gona zuwa tashar jirgin ruwa. Titunan motar da Faransawa suka fitar kuwa da aikin tilas aka yi su, wanda ba a soke shi ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946 mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Saboda haka titin da muke bi yau yana da gumi iri biyu a ƙarƙashinsa: na fatake da bayinsu, da na talakawan da aka kora da bulala su fasa dutse.

ME ZAI AMFANE MU?

Na san wani zai ce: malam, muna fama da tsadar taki da rashin magani a asibiti, kai kana zancen allo a bakin titi? Maganarsa tana da ƙanshin gaskiya, kuma duk ɗan siyasar da ya kawo allo a madadin rijiya ya cancanci a tuhume shi. Amma mu dubi halin da muke ciki. Mu Hausawan wannan ƙasa 'yan tsiraru ne. Akwai iyalan da suka binne kakanni huɗu ko biyar a Jugu, amma har gobe in gardama ta tashi a kan fili ko rumfar kasuwa ko takardar haihuwa, sai ka ji an ce baƙi ne. 'Ya'yanmu suna karanta tarihin Abome da Behanzin da Bio Gera a makaranta, kuma ya kamata su karanta, amma da wuya su ji cewa hanyar da ta kawo kakanninsu ta girmi iyakar 1898 da ɗaruruwan shekaru. Idan hukuma da bakinta ta raɗa wa wani yanki na titin nan suna Hanyar Fataken Goro, ta shaida a rubuce cewa zamanmu a nan yana da asali. Suna linzami ne, inda aka ja shi nan tunanin mutane yake bi.

Lokacin ma ya dace. Ƙasar Benin ta mayar da hankali ga tarihinta a 'yan shekarun nan: a 2021 aka yi sabuwar dokar kare kayan tarihi da al'adu, a watan Nuwamba na shekarar Faransa ta dawo da kayan fadar Abome guda 26, a watan Yuli 2022 kuma aka buɗe mutum-mutumin Bio Gera a Kwatano. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na Disamba 2002 kowace kwamin tana da majalisarta da magajin garinta. Kwamin ɗin Jugu tana da gundumomi 12, Bariyenu ɗaya ce daga ciki, kuma tana da wakilai a majalisar. Ƙudurin majalisar kwamin shi ne matakin da hannunmu zai iya kaiwa. Daga nan ne magana take hawa zuwa ma'aikatar al'adu da majalisar ƙasa a Porto Novo.

Sai dai akwai sharuɗɗa uku da nake ganin in babu su gara a bar zancen.

Na ɗaya, kada mu ce hanyar tamu ce mu kaɗai. Dendawa ne suka sauki fatake, Bariba suka ba su izinin wucewa, Yom da Lokpa suka ciyar da su, Fulani suka sayar musu da nono da shanu. In aka nemi suna da sunan ƙabila ɗaya, abin da aka so ya zama gada sai ya zama katanga. A je fadar Kilir, a je wurin limamai da dattawan Wangara, a tafi tare.

Na biyu, a yi bincike kafin a rubuta allo. Masana tarihi, ciki har da Robin Law, sun yi nuni da cewa wasu labaran da ake ba baƙi a Hanyar Bayi ta Wida ba su da madogara a tsofaffin rubuce-rubuce. Kada mu maimaita wannan. Kwaltar yau ba a ko'ina ta hau kan tsohuwar turba daidai ba. A tambayi tsofaffi inda tsofaffin rijiyoyi da mashigan rafi da kukokin da ake sauka a gindinsu suke, a gwada da abin da malaman Jami'ar Paraku suka sani. Kuma a rubuta sunan Baƙuwaƙuwa da ambaton bayi a jikin allon, kusa da ambaton madugai.

Na uku, a taka hanyar. Abin da ya raya hanyar Selma da ta Santiyago shi ne mutane suna bin su da ƙafa har yau. Tsakanin Bariyenu da Jugu tafiyar safiya ɗaya ce ga mai lafiya. Me zai hana sau ɗaya a shekara, da sanyin hunturu, lokacin da ayari yake tashi a da, 'yan makarantun boko da na allo su fito da malamansu su yi wannan tattaki, a ɗora wa jaki mangala, a raba goro a ƙofar gari, wani dattijo ya ba da labari? Wannan ba ya jiran sa hannun kowa.

Kafin majalisa ta zauna, akwai aikin da ya rataya a wuyan kowane ɗayanmu. Tsofaffin da suka ji labarin fatauci daga bakin waɗanda suka yi shi suna ƙarewa. Wanda yake da kaka ko kakan da ya san daga wane gari gidansu ya taso, wane madugu suka biyo, a gidan wa suka fara sauka a Jugu ko Paraku, ya zauna da shi a wannan makon, ya ɗauki muryarsa a waya, ya rubuta sunayen garuruwan da ya ambata bi da bi. In kun samu, ku kawo mana nan mu haɗa su wuri guda, domin ranar da za a shiga gaban majalisar kwamin, waɗannan sunaye su ne hujjarmu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda suka bi hanyar da son ransu da waɗanda aka kora a kanta. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.